Hasashen Turai, Hasashen Jimeta



A 2006 ina ɗalibi a Ingila. Sati guda kafin taron E3 na Los Angeles, ba mu da hira sai ta abin da Sony zai sanar. Kowa ya zama boka. Ranar da aka ce PlayStation 3 dala 599 ce, sai ɗakin ya yi tsit, kamar ruwa ya ci makaɗi. A 2023 aka rufe E3 ɗungurungum, amma hasashe bai mutu ba, ya koma Summer Game Fest a watan Yuni da Gamescom na birnin Kolon, Jamus, a Agusta.

Da na dawo gida Yola, na ɗauka na bar wannan ɗabi'ar a can. Ashe da saura.

Ɗan wana yana da shagon gem a Jimeta, wajen Jambutu: talabijin uku, PS4 biyu, tsohuwar PS3 ɗaya, sai janareto. Da kuɗin shagon yake biyan makaranta. Rannan bayan la'asar na hau Keke Napep na kai masa ziyara, na tarar da yara suna musu a kan Gamescom mai zuwa. Wani ya rantse za a yi maganar PS6, wani ya ce ƙarya ne. Na gyara zama, na fara zuba musu ilimin Turai.

Sai yaron nan ya katse ni cikin ladabi: "Bappa, mu fa ba sabuwar muke jira ba. In an sanar da ita, Turawa za su sayar da tsohuwar, ta sauko gwanjo, mu samu PS5."

Wallahi na ji kunya. Shekarun nan duk ina kallon taron a matsayin mai saye. Su kuwa lissafin abin da zai faɗo suke yi, kamar mai zaune a gindin mangwaro yana jiran iska.

Ga abin da na kasa faɗa masa a gaban abokansa. A da, na'ura tana tsufa kuɗinta yana raguwa. PS5 kuwa ta fito a 2020, amma a 2025 Sony ƙara mata kuɗi ya yi a Turai da Amurka. Sannan akwai nau'inta marar wurin sa faifai. In ta gaba ta zo haka gaba ɗaya, babu faifan aro, babu na gwanjo, sai dai a sauke ta intanet. Wa ke da datar, kuma wace wuta za ta jira ka gama?

Saboda haka bana hasashena ɗaya ne tak, kuma ya fi kama da addu'a: Allah ya sa su bar mana ramin faifai.

Da zan tafi ya miƙo mini fad, ya zura mini huɗu da nema. Bai karɓi kuɗina ba.

Sai mun sake haɗuwa.