Ranar Shuka Muke Neman Girbi



Ya 'yan uwana matasa, yau a kan ƙwallo zan yi magana. Na san wani zai ce, "Malam, yau kuma tamaula?" A yi mini uzuri. A sanadin ƙwallo na taɓa yin wani kuskure wanda har gobe idan na tuna shi sai kunya ta kama ni, kuma ina ganin da yawa daga cikinmu muna aikata irinsa ba tare da mun ɗauke shi a bakin komai ba.

Muna da wata majalisa a gaban teburin wani mai shayi a Tudun Wada, nan Gusau. Mu uku ne ginshiƙanta. Akwai abokina ɗan Tsafe mai fataucin hatsi, da wani abokin namu ɗan Bungudu, malamin firamare, sai ni ɗan gari. Tun da hanyoyinmu suka zama abin da suka zama, babu mai gangancin kama hanya bayan magariba, don haka idan sun shigo Gusau yamma ta yi musu, a nan suke kwana. Wannan ya sa hirarmu takan yi tsawo bayan sallar isha'i. Duk inda ta zagaya kuwa, daga farashin masara zuwa siyasa, ƙarshenta sai ta dira a kan Zamfara United.

Ƙannenmu da suka buɗe ido da Barcelona da Chelsea a gidajen kallo ba lallai su san cewa akwai lokacin da manyan ƙungiyoyin ƙasar nan suke zuwa Gusau buga wasan gasar Firimiya ba. Mun ga haka da idonmu a filin wasa na tunawa da Sardauna. Jiha ce da aka ƙirƙiro a 1996, ba ta daɗe da tsayawa da ƙafarta ba, amma ga ta da kulob a sahun farko, ana kiran sunan Gusau a labarin wasanni tare da Kano da Aba da Fatakwal. A 2011 ƙungiyar ta faɗo daga Firimiya. An yi shekarun da aka daina jin ɗuriyarta, aka dawo aka tayar da ita, ta fafata a gasar rukuni na biyu, amma ba ta sake taka matakin da ta baro ba. Tun daga nan kalma guda muke ji duk shekara: ana sake gini.

Abokina na Tsafe ba ya son jin wannan kalma. Da an ambace ta sai ya dire kofin shayinsa ya ce, "Ku dai bari! Shekara nawa anka yi ana ce muna ana gini? Wane irin gini na wanga da bai kai linta? A kore su duka, tun daga shugaba har mai ɗaukar ruwa, a kawo waɗanda sunka san aiki." A wurinsa kowane koci bai iya ba, kowane ɗan wasa da hanya ya shigo, kowane shugaba kuma aljihunsa ya zo cikawa.

Na Bungudu kuwa mutum ne mai sanyi, kuma shi kullum a cikin fata yake. Sai ya yi murmushi ya ce, "Aboki, geron da anka shuka jiya ba a yin fura da shi yau. Akwai yara, wallahi akwai yara. A bar su su kwana biyu tare, ka ga abin mamaki." Shekara ta zagayo ba a ga abin mamakin ba, ya sake cewa baɗi. Har muka sa masa suna Malam Baɗi.

Ni fa? Gaskiyar magana ni ɗan bin iska ne. Ranar da aka ci wasa ina bayan na Bungudu, ranar da aka sha kashi kuma na fi na Tsafe zafi. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin adalci, wai ina bin gaskiya duk inda take. Daga baya na gane ba gaskiya nake bi ba, allon sakamako nake bi.

Abin da ya fara nuna mini haka wani wasa ne na 2009. A ranar ƙarshe ta kakar wasa, Zamfara United tana bakin faɗawa, sai ta zura wa Kaduna United ƙwallo 9 ba ko ɗaya, ta tsira. Lokacin ina sakandare. Mun yi ta ihu a titi, masu babura suna ta hon, kamar an ba mu kofin duniya. Jaridun wasanni sun yi ta surutu a kan wannan sakamako, mu kuwa ko a jikinmu. A wannan daren babu wanda ya tambayi shugabannin kulob yadda aka yi muka kai bakin rami tun farko. Babu wanda ya tambaya ko akwai yaran da ake renowa su gaji waɗanda ke filin. An tsira, magana ta ƙare. Shekara biyu bayan haka ramin da muka tsallake muka faɗa cikinsa, sai kowa ya zama mai bincike, kowa ya zama alƙali. Tambayoyin da ya kamata mu yi ranar murna, sai ranar baƙin ciki muka tuna da su, kuma da zagi muka yi su.

Mai karatu, kada ka fahimce ni a baibai. Ban ce a yi shiru ba. Mafi yawan ƙungiyoyin ƙwallon Nijeriya na gwamnatocin jihohi ne, da kuɗin jama'a ake tafiyar da su, don haka duk ɗan jiha yana da haƙƙin ya tambaya. Kuma a nan wani babban ciwon yake: idan gwamnati ta canza, sau da yawa shugabancin kulob yakan canza, sabon shugaba ya zo da sabon koci, sabon koci ya zo da 'yan wasansa, a rushe abin da aka tarar a sake sabon tushe. Ginin da ake sake wa tushe kowace shekara huɗu yaushe zai kai linta? A nan abokina na Tsafe yana da gaskiya da ya gaji. Inda ya kuskure shi ne maganin da yake bayarwa, domin "a kore su duka" ita ce ainihin cutar. Na Bungudu shi ma yana da gaskiya da ya ce a yi haƙuri, sai dai haƙurin manomi yana da sharaɗi. Wanda ya shuka ya yi noma shi ke jiran kaka. Wanda bai zuba iri ba, in ya zauna bakin gona yana jira, ba haƙuri yake yi ba.

To ta yaya za mu san an zuba iri? Akwai tambayoyin da mai goyon baya na ƙwarai zai riƙa yi ko an ci ko ba a ci ba. Ana biyan 'yan wasa albashinsu a kan lokaci? Akwai ƙaramar ƙungiya ta yara 'yan ƙasa da shekara 17 da ake horarwa? Akwai masu zuwa Tsafe da Bungudu da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara su duba yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a filayen makarantu? Kocin da aka ɗauka, shekara nawa aka ba shi, kuma me aka ce ya cimma a cikinsu? Idan ɗan wasa ya karye, wa ke jinyarsa? Waɗannan ba su da daɗin faɗa a majalisa kamar "an ci kuɗi", amma amsarsu ce take nuna ko gini ake yi ko kwaskwarima.

Dubi Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, wadda Kunle Soname ya kafa. Ta hau Firimiya ta faɗo a 2017, ta sake hawa ta sake faɗowa a 2019. Da a majalisarmu take, da tuni mun yi mata jana'iza. Amma masu ita suka riƙe filinsu da makarantarsu ta renon yara, suka dawo a 2021, suka zo na biyu sau biyu a jere, sannan suka ɗauki kofin a 2025. Dubi kuma Kano Pillars, mai kofin Firimiya huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A watan Afrilu na 2022, a wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha, wasu magoya bayanta suka tayar da yamutsi, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta zaftare mata maki 3 a kakar da kowane maki yake da tsada, kuma a ƙarshen kakar ta faɗo, sai a 2023 ta dawo. Waɗanda suka yi jifan nan in ka tambaye su, kishin kulob ne ya sa su. Ga kishin da ya cuci abin da ake kishi. A Ingila ma, mu da muke cika gidajen kallo mun san Liverpool ta yi shekara 30, daga 1990 zuwa 2020, ba ta ɗauki kofin gasar ƙasarta ba, kuma filinta bai daina cika ba. Mukan yi wa kulob ɗin da ba mu taɓa ganin garinsa ba uzurin da ba ma yi wa na ƙofar gidanmu.

Yanzu bari in zo kan kuskuren da na ambata.

A unguwarmu akwai wata ƙaramar ƙungiya da wani bawan Allah yake horarwa a filin makarantar firamare. Kowa Koci yake ce masa. Wata shekara manyan 'yan wasansa suka watse, wasu sun tafi neman kuɗi Abuja, wasu sun kama acaɓa, wasu sun yi aure. Sai ya yanke shawarar farawa daga tushe, ya tara yara 'yan shekara 14 da 15, ya ajiye sauran manyan da ba sa zuwa atisaye a benci. Cikin waɗanda aka ajiye har da ƙanena. Aka shiga gasar unguwanni, aka yi ta lallasa mu. Rannan an ci mu huɗu, muna zaune wajen mai shayi raina a ɓace, sai wani ya ce ai ya ji an ce kuɗi Koci yake karɓa a hannun iyaye kafin ya sa yaro a wasa. Ban tambaye shi wa ya faɗa masa ba. A daren na rubuta maganar a zauren WhatsApp na unguwa, har na ƙara mata gishiri, na ce "kowa ya sani".

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, iyaye uku sun hana 'ya'yansu zuwa fili. Wani dattijo ya tare Koci a ƙofar masallaci ya yi masa faɗa a gaban jama'a. Ni kuwa ina gefe ina jin kamar na yi jihadi.

Abokina na Bungudu ne ya kira ni gefe. Ya ce, "Kai ka ga sadda anka ba shi kuɗin?" Na ce a'a. Ya ce, "To ni na ga sadda yas sai da wayarshi yas sawo ƙwallo biyu da raga. Tare munka tai kasuwa." Jikina ya yi sanyi. Ashe mutumin da na kira maciyin kuɗin yara, shi ne yake ciyar da ƙungiyar daga aljihunsa, har kuɗin mota yake ba yaran da gidajensu ke nesa.

Kwana biyu na yi ina juya yadda zan tunkare shi. Na same shi da la'asar a fili yana jera duwatsu a madadin alamun atisaye, yara bakwai kacal a gabansa. Na ce, "Koci, ni ne na rubuta maganar nan, kuma ban da hujja. Ka yafe mini don Allah." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Na yafe maka, ƙanena. Amma yaran nan uku da anka hana zuwa, ɗaya cikinsu na san inda zai koma in ba shi nan, kuma ba wuri na mai kyau ba. Je ka gidajensu ka gyara abin da ka ɓata." Na je. Na koma zauren na rubuta cewa ƙarya na yaɗa. Biyu suka dawo. Na ukun bai dawo ba har yau.

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu Suratul Hujurat, inda aka umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, aka hana mu mugun zato da cin naman 'yan uwa. Mun haddace, mun kuma yarda. Amma da mun zauna hirar ƙwallo sai mu ga kamar an ɗage alƙalami, kamar koci da alƙalin wasa da shugaban kulob ba su da mutuncin da za a tambaye mu a kansa. Alhali mutane ne masu iyali, 'ya'yansu suna karanta abin da muke rubutawa. A da maganar majalisa a majalisa take mutuwa. Yau da ɗan yatsa guda za ta kai Tsafe da Bungudu kafin shayinka ya huce.

Saboda haka ga abin da na ɗaukar wa kaina, ina kuma ba ɗan uwana shawara da shi. Ka ce koci ya yi kuskuren canji, wannan ra'ayi ne, kowa ya gani a fili. Ka ce shugabanni su fito su yi bayanin yadda aka kashe kuɗin kulob, wannan haƙƙinka ne, ka nema da babbar murya. Amma ka ce wane ɓarawo ne, wannan shaida ce, kuma shaida sai da gani. Sannan kafin ka tambayi abin da aka yi wa ƙungiyar, ka tambayi kanka yaushe rabonka da sayen tikiti ka shiga kallon wasan gida, ko ka saya wa yaran unguwarku ƙwallo guda.

Majalisarmu tana nan. Na Tsafe bai fasa cewa a kore su duka ba, Malam Baɗi bai fasa cewa baɗi ba, kuma har yanzu ina fatan ranar da za mu sake ganin manyan ƙungiyoyi suna sauka a Gusau. Abin da ya canza shi ne, yanzu idan wani ya fara da "an ce", sai mu ukun mu haɗa baki mu ce, "Wa ya ce?" Sau da yawa a nan maganar take tsayawa, mai shayi ya ƙaro mana ruwan zafi.

Allah Ya ba jiharmu zaman lafiya, Ya shirya mana matasanmu, Ya kare mu daga sharrin harsunanmu. Wanda ya karanta wannan, ya sa yaron nan na uku a addu'a.

Wassalamu alaikum.