Ranar da Kara-Kara ta shiga cikin kwamfuta

Jama'a, wannan kwamfutar ko taɓa ta ba a yi, sai dai a leƙa ta bayan gilashi! Cyber 72 ce, ƙirar kamfanin Control Data na Amurka, girke a ɗaki mai sanyi a cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cibiyar da ke ɗauke da sunan Iya Abubakar. Farkon shekarun 1980 ke nan. Ni kuwa ɗan Damagaram, na iso da damin takardun tambayoyi da na cike gida-gida a unguwarmu Kara-Kara: mutum nawa ne a gidan, wace sana'a ake yi, ina ake ɗebo ruwa, yara nawa ke zuwa lakwal.

A nan aka nuna mini SPSS, manhajar ƙididdiga da Norman Nie da Hadlai Hull da Dale Bent suka fito da ita a Jami'ar Stanford a 1968. Babu allon kallo. Da kati ake yi mata magana, mai gurabe 80, na'ura tana huda shi ƙyas-ƙyas. Kowane gida katinsa guda. Katin umarni kuwa da ƙa'idarsa: sunan umarnin daga gurbi na 1 zuwa na 15, bayaninsa daga na 16. Na huda VARIABLE LIST, na huda CROSSTABS, na ɗaure katunan da roba, na miƙa ta taga, na tafi sallar la'asar zuciyata na dukan uku-uku.

Da aka miƙo mini doguwar takardar nan mai huji a gefe, wallahi tsaye na karanta ta. Aikin da zai ci wata guda da fensir, ga shi an gama! Sana'a a gefe, inda ake samun ruwa a sama, kowane gida ya faɗa akwatinsa, a ƙasa kuma ga gwajin da ke faɗa maka ko alaƙar ta wuce a ce dace ne kawai. Unguwar da aka daɗe ana yi wa kallon matattarar kutare da marasa galihu, ga ta a jadawali, wahalar ruwan da iyayenmu mata ke kuka da ita ta zama hujjar da za a iya ajiye wa hukuma a kan tebur.

Ƴan uwana ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder, yau manhajar ƙididdiga ta R kyauta ce, ƙaramar kwamfutarku kuma ta ninka waccan ƙarfi nesa ba kusa ba. Don Allah ku shiga Kara-Kara da takardunku, ku ƙidaya.