Malaman Da Ba Su Da Albashi

Na san da yawanku in kun buɗe wannan shafi labarin masoya kuke nema, to ku yi haƙuri da ni yau, ko da yake in kun daure zuwa gaba akwai ɗan abin da ya shafi zuciya a ciki. Hirar wasu mata na zo da ita, waɗanda shekara 4 ke nan ina aiki a ƙarƙashinsu a ajin yaƙi da jahilci na ƙungiyar matan unguwarmu, a nan cikin birnin Kano. Ƙungiyar sa kai ce, babu mai biyan kowa ko sisi. Litinin da Laraba da Asabar muke zama, daga bayan La'asar zuwa kafin a kira Magariba.

Zan fara da shugabarmu, wadda kowa ke kira Hajiya kawai, don in aka ce Hajiya a layinmu an san wa ake nufi. Tsohuwar shugabar makarantar firamare ce da ta yi ritaya. Da maigidanta ya rasu aka sayar da motarsa wajen rabon gado, gareji ya zama wofi, sai ta sa aka share shi, ta roƙo tsofaffin bencina, ta sa aka shafa baƙin fenti a bango ɗaya ya zama allo. Ajin ke nan har yau.

Sai dai ku sani, Hajiya ba ta cika riƙe alli ba. Aikinta na gaske a zaurukan mutane yake. Mace ta ce tana son karatu abu ne mai sauƙi, wuyar ita ce maigida ya ce je ki. To nan Hajiya ke saka mayafinta ta ɗauki carbi ta tafi da ƙafarta. Na raka ta sau da yawa, kuma wallahi ban taɓa jin ta yi wa maza biyu magana iri ɗaya ba. In ɗan kasuwa ne, sai ta kawo masa zancen lissafi da rubuta bashi. In mai yara ƙanana ne, sai ta tambaye shi wa ke duba takardar magani in ya fita. In kuwa malami ne, sai ta gyara zama ta ɗauko masa tarihin Nana Asma'u.

Akwai wani Alhaji da muka je wa har sau 3. A na ukun ya fito fili ya ce, "Hajiya, ni fa tsorona ɗaya. Mace in ta iya rubutu, ga waya a hannunta, ban san da wa za ta riƙa magana ba."

Hajiya ta yi murmushi ta ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, bari in tambaye ka. Saƙon da kake turo mata in ka yi tafiya, wa ke karanta mata?"

Ya yi shiru.

Ta ce, "Yaron maƙwabta ne. Sirrin gidanka yana bakin ɗan shekara 15, kai kana nan kana tsoron alli."

Ranar Asabar sai ga matar da sabon littafi da fensir biyu, shi da kansa ya sayo mata.

Tarihin nan da Hajiya ke ba malamai, mu ma ta sha ba mu shi har mun haddace. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, jajin ta riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su koya wa na gida ta hanyar waƙoƙi. Hajiya kan ce ita ma jaji ce, malfar ce kawai ba ta samu ba. Daga nan sai ta gangaro kan gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, zamanin da Malam Ahmadu Coomassie ke cikin jagororin aikin a Jihar Arewa, sai hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, sai FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama amirarta ta farko. Mu namu ɗan ƙaramin abu ne a gefen waɗannan, amma tana so mu san ba daga sama muka faɗo ba.

Ni kuwa wadda ta fi taɓa min zuciya ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, don na san ku ma kun karanta littattafanta ko kun gan su a ɗakin iyayenku. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta shiga ajin manya ta ci gaba da neman ilimi. Ita ce ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda har aka fassara shi zuwa Turanci a 2012. Duk ranar da na ga wata ɗalibata ta karaya, labarinta nake ba ta.

Sai ma'ajinmu. Ita da ɗaliba ce a wannan garejin, tana cikin rukunin farko, sana'arta tuyar awara. Abin da ya kawo ta ajin ba daɗi. Bayan rasuwar mahaifinsu 'yan uwanta maza suka kawo mata takarda suka ce ta dangwala, wai sunayen magada ne za a kai kotu. Ta dangwala. Ashe takardar sayar da kasonta na gona ce. Ko da ta gane, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ba ta yi shari'a da kowa ba, ta ce zumunci ya fi gona, amma ta rantse babban yatsanta ba zai sake taɓa tawada ba. Yanzu kam Allah ya kiyaye ki da kawo mata rasidi marar kyau! Ko alli aka sayo sai ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, a hankali, tana bin ta da yatsa. A hannunta ɗan abin da mata ke jefawa a asusu duk mako yake taruwa, da shi ake sayen alli da littattafai, da shi aka toshe rufin da ke yoyo bara. Wani lokaci tsananinta kan ba mu haushi, amma ko Hajiya ba ta isa ta ciri naira ɗaya ba a rubuta ba.

Mu masu koyarwa mu uku ne. Babbarmu tsohuwar unguwarzoma ce da ta yi aikin asibiti, sai wata ɗalibar kwalejin horon malamai, sai ni da na shigo lokacin ina zaman jiran sakamakon jarrabawa, zaman ya ƙare ni ban fita ba.

Malama Babba ita ta koya min cewa koyar da manya daban yake da na yara. Yaro in ya kasa, gobe ya manta. Uwar 'ya'ya 6 in ta kasa a gaban sa'ar 'yarta, ba za ki sake ganin ta ba, sai dai ki ji an ce ai ba ta da lafiya. Shi ya sa a ajinmu ba a ta da mace tsaye, ba a jan biro ja a littafinta, ba a cewa "ba haka ba ne". Sai dai ki durƙusa kusa da ita ki ce, "Inna, mu sake gwadawa tare." Su suna ce min Malama, ni ina ce musu Inna da Goggo da Yaya, kowa na jin nauyin kowa.

Da sunan mace ake farawa, kafin ma a shiga baƙi da wasali. Ranar da mace ta ga sunanta ya fito daga hannunta, 'yar uwa, sai kin gani da idonki. Wata dariya take yi, wata ta rufe fuska da mayafi. Bayan nan ne ake shiga ba, be, bi, bo, bu. Waɗanda suka yi makarantar allo sun fi saurin kamawa, sai dai hannunsu kan gudu dama ya faro daga can, a yi ta dawo da shi hagu. Ana shan fama da b da d, balle in an zo kan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Hannun da ya shekara 30 yana daka da wanki kuwa ba ya son fensir, riƙe shi yake kamar muciya har takarda ta huje, don haka sai an fara zana harafi a iska, sannan a faranti da aka zuba wa yashi. Amma fa in aka zo lissafi, a nan suke rama wa kura aniyarta. Kafin in gama rubuta lamba a allo mai awara ta faɗi amsa, har da canji.

Malama Babba ce kuma ta gano wani abu da mu bai taɓa zuwa mana a rai ba. Wata Goggo ta yi wata 3 ba ta wuce harafi biyar ba, har ta fara cewa ita kanta ne ya toshe. Malama ta lura da yadda take nesanta littafi da fuskarta tana ƙanƙance ido, sai ta cire tabaraunta ta saka mata. Goggo ta ce, "La ilaha illallahu, ashe haka suke!" Tun daga nan duk sabuwar ɗalibar da ta manyanta sai an tura ta a duba mata ido.

Abin dariya ba ya ƙarewa. Ranar da muke koyon cike fom, aka zo gurbin sunan miji, aji ya yi tsit, babu mai faɗa, kun dai san alkunya. Malama ta ce to kada kowa ta faɗa, a rubuta kawai. Suka rubuta, kowacce ta rufe da tafin hannu, sai dai ki ɗaga yatsunta ki duba. Akwai kuma shekarar da kishiyoyi biyu suka shigo tare, Hajiya ta zaunar da su nesa da juna. Ba mu taɓa samun ɗaliban da suka yi saurin iya karatu kamarsu ba, kowacce na tsoron a ce 'yar uwarta ta riga ta.

Ɓacin rai ma akwai shi. Wasu baƙi sun taɓa zuwa mana da manyan motoci, suka jera matan suka yi ta ɗaukar hoto, suka yi alkawarin kekunan ɗinki. Shekara 2 ke nan, ko zare ba mu gani ba. Tun daga ranar Hajiya ta kafa doka, duk mai son hoto ya fara kawo alli. Ga damina, ga bukukuwa, ga azumi da ake rufe aji gaba ɗaya, in an dawo sai an koma baya a sake tashi.

Amma duk wannan bai kai matsala ɗaya ciwo ba, ita ce ta malamai. 'Yan mata 4 suka koyar a garejin nan kafin ni, kuma duk aure ne ya ɗauke su. Ba wanda ya hana su da baki, kawai dai an kai amarya wata unguwa, sai nauyin gida, sai ciki, sai shiru. Duk lokacin da malama ta tafi, akwai matan da ke daina zuwa, don mace babba ba ta son ta sake buɗe jahilcinta a gaban sabuwar fuska.

To ga inda zancen zuciya ya shigo. An sa ranata, bayan Babbar Salla in Allah ya kai mu. Daren da ya zo zance bayan an kawo kuɗin sa rana, na ce masa ina da roƙo ɗaya, ba na akwati ba ne. Na ce ina so in ci gaba da zuwa ajin. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce gidan da ya kama yana da nisa, mota biyu ce, kuma ba ya son amaryarsa a titi da Magariba. Gaskiya ban ga laifinsa ba, amma na kwana ina juyi. Da safe na faɗa wa Hajiya. Ba ta ce min uffan ba, ta ɗauki mayafinta da carbinta ta ce in kwatanta mata shagonsa.

Ban san me ta faɗa masa ba, shi ma ya ƙi gaya min, dariya kawai yake yi in na tambaya. Ya dai yarda da Litinin da Asabar, kuma ya ce shi zai riƙa zuwa ɗauka ta. Laraba ce ta rage babu malama. Mata 19 ne a rukunin 'yan farko, mun tsaya a kan harafin ƙ, kuma Hajiya ta ce duk yarinyar da ta gama sakandare tana iya karanta Hausa ba gargada, in iyayenta sun amince, ta zo ta zauna kusa da ni daga wannan makon don matan su saba da fuskarta kafin biki.