Ganyen Malaina da Bayan Baba

Litinin, 13 ga Janairu

Na dawo daga sallar Asuba na tarar da Baba mai gadi a duƙe a gindin malaina, hannun hagu a ƙugu, na dama riƙe da tsintsiyar kwakwa. Sai ya share taku uku ya miƙe a hankali, ya ja numfashi, ya sake duƙawa. Na ce, "Baba, sannunku da aiki. Bayan ne?" Ya ce, "Shi ne dai, Alhaji. Sanyin nan ke tayar da shi."

Gidanmu a Gwarinpa bishiyoyi huɗu ne: malaina biyu, mangwaro ɗaya, sai darbejiya a bakin ƙofa. Da damina ni'ima ne. Amma daga Disamba, da hunturu ya kankama, malaina takan tuɓe ganyenta kamar ana zazzage buhu, faffaɗa, busasshe, yana ƙaras-ƙaras a kan intalok. Abin da aka share da safe kafin la'asar ya dawo. Shekara tara Baba na wannan aiki, na sha cewa ya bar wa yara, ba ya yarda. Yau dai na ƙudura zan nemo injin hura ganye, wanda 'yan kasuwa ke kira bulowa.

Talata

Mai fetur na fara tunani, na fasa. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ke hawa, a wannan Janairu na 2025 tana wasa da naira dubu. Ga haɗa mai da baƙin mai, ga jan igiya, wanda shi ma aikin baya ne, ga ƙara kamar babur ɗin da salansarsa ta fashe. Birnin Washington na Amurka ya hana aiki da masu fetur tun farkon 2022, yawanci saboda wannan ƙarar. Mai waya kuwa sai an kawo wuta, kuma wayar ba za ta kai bayan gida ba. Saura mai batir.

Laraba

Na wuni a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, na ƙarasa Utako. Abin da na fara gani a shaguna da dama ƙananan bulowa ne masu gajeren baki, irin waɗanda ake kakkaɓe ƙurar kwamfuta ko garin katako da su. Ka sa hannu a bakinsu iska ta soke ka, ka ce ai wannan ƙarfi ne. Wani dattijo mai shago, Allah ya saka masa, ya zaunar da ni ya ce, "Maigida, lamba biyu za ka duba a kwali. Ɗaya gudun iska, ɗaya yawanta."

Ya ciro takardar kayan Makita ya nuna mini. Ƙaramin nasu, DUB185, iskarsa na gudun mita 98 a daƙiƙa, amma abin da yake fitarwa a minti bai wuce murabba'in mita mai zurfi 3.2 ba, wato kubik mita kamar yadda magina ke faɗa. Babban, DUB184, gudunsa wajen mita 52 ne kacal, amma yana tura kubik mita 13 a minti. Ninki huɗu ke nan. Kamar ka matse bakin tiyo ne: ruwan zai yi tsini ya yi nisa, amma ba zai wanke tsakar gida kamar bokiti ba. Gudu shi ke ɓamɓaro ganyen da ya manne, yawa shi ke kora tuli gaba. Mai malaina biyu yawa yake bukata.

Na tambaye shi wanda na gani a talla a waya, mara suna, an rubuta masa bolt 198 ga araha. Ya yi murmushi, ya ɗora mini wani batir irinsa a tafin hannu. Ba nauyi ko kaɗan. Ya ce batirin gaske nauyinsa ke ba da shaida. Har ma ya warware mini wani abu da ya daɗe yana rikita ni: mai bolt 18 da mai bolt 20, irin na Ingco da Total da DeWalt, abu ɗaya ne. Ƙwayoyi biyar ne jere a ciki, kowace tana ba da 3.6 a bakin aiki, tana kai 4 idan ta cika. Wani kamfani ya rubuta wannan, wani ya rubuta wancan.

Ban saya ba. Na ce sai na kwana da maganar.

Alhamis

Jiya da daddare na yi lissafi a bayan ambulan. Bolt 18 sau Ah 5 da ke jikin batir ya ba da 90, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗin mita ba. Ko a layin Band A, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, cika shi bai fi naira ashirin da 'yan kai ba. Inbatar gida ma za ta ɗauka ba tare da ta ji ba.

Ƙanena da ke Amurka ya ce zai aiko mini da mai bolt 56. Na gode masa na ce ya bari. Cajar can ta wuta 120 ce, tamu 230, kuma ranar da batirin ya mutu ina zan samo wani a Abuja? Na koma wajen dattijon na ɗauki babban, mai inji marar burushi, da batir biyu da caja. Kuɗin batiran da caja ya fi na injin kansa, na ji a jikina. Kafin in biya na riƙe shi da hannu ɗaya na ɗan zagaya shagon, don Baba zan saya wa, ba don kaina ba.

Juma'a

Laifina ne. Bayan an sauko daga masallaci zumuɗi ya ɗebe ni, na matsa kunamar har ƙarshe a tsakar gidan da ya yi wata biyu bai ga ruwa ba. Ganye ya tafi kam, amma ƙurar hunturu da ke kwance a tsagin intalok ta tashi jajir, ta haura katanga ta sauka a kan shanyar maƙwabciyarmu. Fararen kayan makarantar 'ya'yanta ne. Ƙaramar 'yata mai asma ta fara tari daga cikin falo. Minti goma sha ɗaya batir ya ƙare, ni kuma na tsaya da ƙasa a haƙora.

Na je da kaina na ba da haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Alhaji, ai zaman tare ne." Na fi jin kunyar wannan amsa fiye da a ce faɗa ta yi.

Asabar

Baba ne ya gyara mini. Ya ce, "Alhaji, ko da tsintsiya ai sai an yayyafa ruwa." Ya ɗebo rabin bokiti ya watsa da hannu, muka jira ƙasa ta sha. Na rage ƙarfin zuwa tsakiya, na kwantar da bakin kusa da ƙasa, na ba iskar gabas baya don ta taya ni maimakon ta yi faɗa da ni. Ganyen ya riƙa mirginawa gaba kamar garken tumaki, ƙura ba ta tashi ba, batir ɗaya ya gama gaban gida har da saura. Ganyen mangwaro da ya cushe a lambatu shi kaɗai ya bukaci cikakken ƙarfi, shi ma sai da manjagara ta taimaka.

Mun yi shawara uku. Ba a kunna shi sai bakwai ta wuce, don masu barcin safe. Takunkumi dole. Batir kuma a ɗaki zai kwana, ba a ɗakin gadi mai rufin kwano ba, don zafin Maris na tafe kuma zafi ke cin ransa. Ganyen da a da ake cinna wa wuta a bayan katanga, mun haƙa masa rami kusa da mangwaro ya ruɓe ya zama taki.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ƙarfe bakwai da rabi na ji ƙugi ƙasa-ƙasa, na leƙa ta taga. Baba ne a tsaye cak, hula a kai, takunkumi a fuska, yana kaɗa injin dama da hagu yadda yake kaɗa tsintsiya. Da ya tara tulin ya kashe shi, ya jingine a bango, ya ɗauko tsintsiyarsa ya bi lungun bayan tukwanen fulawa inda iska ke juyowa da ganye. Na fito na ce, "Baba, yaya bayan?" Ya sauke takunkumi ya ce, "Da sauƙi, Alhaji. Sai dai hannu ne yanzu ke ɗan tsami. Ko akwai maɗaurin da ake ratayawa a kafaɗa?"

Gobe in Allah ya kai mu zan biya ta Dei-Dei in tambaya.