Yadda ragowar kuɗin cefane ta biya mana kuɗin jarrabawa

Mu tagwaye ne, yanzu muna ajin ƙarshe na babbar sakandare a Kano. Bara, wata rana bayan sallar isha'i, Abba ya kira mu ya faɗa mana gaskiyar halin da gida yake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan abinci suke ta tashi, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Albashinsa kuwa yana nan inda yake. Ya ce zai iya biya mana WAEC mu biyun, amma NECO kuɗin mutum ɗaya kawai yake hangowa. Muka kalli juna, kowa ta sunkuyar da kai.

Umma ce ta kawo mafita. Ta ce daga wata mai zuwa cefanen gida ya dawo hannunmu, duk abin da muka rage, muddin tukunya ba ta ragu ba, a jefa shi asusun jarrabawa.

A makon ne Kawunmu da ke zaune a Amurka ya kira ta WhatsApp, muka ba shi labari. Matarsa ta karɓi wayar ta nuna mana wata jaka cike da 'yan takardu. Ta ce sunansu kufon, wato takardar rangwame. Kamfani ne yake buga ta a jarida, musamman ta ranar Lahadi, ko ya aiko ta gidan waya, ko a manhajar kanti. Idan ka je biyan kuɗi sai ka miƙa, na'ura ta karanta lambar da ke jiki, a cire maka wani abu daga farashin. Daga baya kamfanin ya mayar wa mai kanti kuɗinsa har da ɗan ladan wahala. Kowace takarda tana da ranar da take daina aiki, kuma kaya iri ɗaya take saya. Al'adar ta daɗe a can: tun 1887 masu Coca-Cola a birnin Atlanta suke raba takardar shan kofi ɗaya kyauta, sannan abin ya bazu a shekarun 1930 lokacin da tattalin arziƙin Amurka ya durƙushe, magidanta suka koma lissafin kowane kwabo.

Kafin ta ajiye waya ta ce, “'Yan biyu, ku kula. Kamfani ba sadaka yake yi ba, so yake ku saba da kayansa.” Muka ce to, Anti, amma hankalinmu yana kan rangwamen.

Washegari muka shiga neman irin wannan garaɓasa a Kano. Muka ji labarin wani babban kanti da yake ba da ɗaya kyauta idan ka sayi biyu. Muka hau adaidaita sahu muka tafi can nesa, muka dawo da kwalayen biskit shida da lemon kwali, muna ta murna. Umma ta juya kwalin ta nuna mana kwanan watan da ke jiki: saura kwana tara ya lalace. Sannan ta tambaye mu ko biskit yana cikin cefanen gidan nan. Ba ya ciki. Da muka haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, sai muka ga asara muka tafka, kuma ranar babu manja a gida. Umma ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, “Araha ba ta ado.”

Daga nan muka sayi littafi mai shafi 40. Kowane dare mukan rubuta abin da aka saya da farashinsa, har gishiri da ashana. Cikin mako biyu littafin ya tona mana asirin inda kuɗi suke zurarewa, wato sayen ɗai-ɗai. Kullum sai an aiki ƙaninmu shagon unguwa ya sayo ƙullin sukari, ƙaramar ledar omo, dunƙulen magi na naira kaza. Kowanne ƙaramin kuɗi ne a ido. Amma naira 200 ta ɓace kullum, a wata naira 6,000 ke nan. Muka koma sayen babbar leda da kwalin magi sau ɗaya a wata daga 'yan sari a Kasuwar Singa, muna raba farashin da yawan abin da ke ciki kafin mu biya. Wannan shi ne karon farko da darasin lissafi ya yi mana rana a wajen aji.

Da kaka ta yi, hatsi ya sauko, muka roƙi Umma ta yi wa maƙwabta magana. Gida huɗu suka haɗa kuɗi, Yayanmu ya raka mu Kasuwar Dawanau muka sayo buhun masara da na wake, aka raba kwano goma-goma, kuɗin mota ma aka raba shi huɗu. Waken muka shanya shi sosai muka zuba a jarka mai murfi don kada ƙwari su shiga. Da sanyi ya shigo, tumatirin noman rani na yankin Kura da Kadawa ya cika Kasuwar 'Yankaba, muka sayi kwando muka yanka muka shanya kauɗa. Ita muka riƙa jiƙawa muna miya lokacin damina, sa'ad da ɗanyen tumatir ya gagari mutane.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne ciniki. Da farko kunya muke ji mu taya kaya, gani muke za a ce mun cika ƙwauro. Wani dattijo mai kayan miya ne ya warware mana. Ya ce, “'Ya'yana, ku taya mana, idan bai yi ba in ce albarka, ai ba faɗa ba ne.” Muka riƙe shi ya zama mutuminmu, kullum sai ya ƙara mana gyara, wata rana albasa biyu, wata rana ɗan attaruhu. A nan muka gane cewa mu ma muna da namu rangwamen, sai dai ba a takarda yake ba, yana wajen gaisuwa da zama abokin ciniki na kullum. Mun kuma koyi kada mu matsa wa mai talla ƙarami har ya sayar a faɗuwa, shi ma gida yake ciyarwa.

Wata bakwai muna wannan aiki. Ranar da aka fasa asusun a tsakar gida, muka ƙirga sau biyu. Kuɗin bai kai na NECO cikakke ba, amma ya wuce rabi da nisa. Abba ya daɗe yana duba littafin namu shafi-shafi, sannan ya ce, “Allah Ya yi muku albarka, cikon nawa ne.” An yi mana rajista mu biyun a rana ɗaya.

'Yan uwa ɗalibai, idan ana aikenku cefane, ku gwada rubuta abin da kuka kashe na mako biyu kacal, sannan ku kai wa iyayenku su gani. Kafin ku bi kowace garaɓasa, ku tambayi kanku ko da ma kayan yana cikin abin da aka aike ku, ku duba ranar lalacewarsa, ku sa kuɗin mota a lissafi. Mu dai yanzu muna kan littafi na uku, kuma ƙaninmu ne yake riƙe da biro, don shi ma jarrabawarsa tana tafe.