Dara a Tibiri, littafi a Jiratawa

A Maradi na tashi, unguwar Mokoyo, amma duk hutun lakwal a Tibiri nake yin shi, gidan kawuna da ke kusa da fadar Sarkin Gobir. Da an sallame la'asar sai dattawa su taru gindin dogon yaro, a share rairayi, a tona gurabe talatin, layi biyar na shida-shida. Kowa da ƴaƴansa goma sha biyu. Kawu da karan dawa yake yi, abokin karawarsa, wani tsohon maɗinki, da tsakuwa. Wajen zubi ba a yarda ka jera uku ba. Sai an gama zubawa ake fara tafiya, gurbi ɗaya-ɗaya, wanda ya jera uku ya cire ɗa guda na abokinsa. In ka jera huɗu, ka yi aikin banza.

Ranar da kawu ya fara zaunar da ni gabansa, hannuna rawa yake. Na yi ta zuba karana inda na ga dama, ina ɗokin a zo wurin ci. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, tun a zubi ake cin dara. Kai ka riga ka faɗi, ba ka sani ba." Haka kuwa aka yi. Ya kafa wani jeri da ɗa guda ke kai da komowa tsakanin layi biyu, kowane motsi ci ne, ina kallo ya tsince ni sarai.

Shi ya sa har yau ludo ba ta shiga raina ba, duk da a fadarmu ta samari a Maradi ita da belot ake kwana bugawa ana shan shayi. A ludo sa'a ke yi maka wasa. A dara kuwa in an ci ka, kanka ne ya gaza, kuma kowa ya gani.

Ban da dara, fim ma ya zo mana da ƙarfinsa. Mun fara da na Indiya, su Sholay da Disco Dancer, muna rera waƙoƙin ba mu san ma'anarsu ba. Daga baya kasakasan Kano suka riƙa shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Lokacin fim ɗin Sangaya, wajen shekarar 2000, na ga gidan bidiyon unguwarmu ya cika har ƙofa, yara na leƙe ta tsagar zana don su ga Ali Nuhu da Fati Muhammad. Na ji daɗinsa ƙwarai, domin jin harshenka a allo ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aka koyar da Faransanci zalla. Sai dai da an kashe injin, waƙar kawai ke biyo mu gida.

Littafi ne ya fi zama a raina. Da ƙyar na saba da bokon Hausa, ina tuntuɓe da ƙ da ɗ, a kan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da wani ɗan kasuwa ya kawo daga Kano. Na tafi da shi Jiratawa wurin gwaggona, mai aiki a gonakin noman rani. Da dare matan gidan suka kewaye fitilar ƙwai ina karanta musu. Da muka kai inda Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta Muhammad, gwaggo ta dafa hannuna.

"Dakata, ɗan nan. Wa ya ja wannan, yarinyar ko manyanta?"

Kishiyarta ta ce yarinyar ce ba ta da haƙuri. Gwaggo ta ce ƙarya ne, kwaɗayin dukiya ne na manya, ta kuma kama sunayen aure biyu da aka yi haka a garin. Gardama ta kaure har aka manta da ni da littafin. Washegari tun kafin su tafi gona aka aiko yarinya ta tashe ni, wai in zo in ƙarasa musu.