Sifilin da ya kusa ja min ƙarin shekara

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo Kudu. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Duk wanda firojet ɗinsa ya shafi tara bayanai da fitar da sakamako, injiniya ne ko ɗan likitanci ko ɗan aikin gona, don Allah ya daure ya kai ƙarshe. Abin da ya same ni a semina kwanakin baya ba na so ya samu wani.

Ina mastas ne a injiniyancin sadarwa. Ga aikina a taƙaice. Duk saƙon da ka tura a WhatsApp, wayarka tana mayar da shi jerin sifili da ɗaya, kowane guda ana kiransa bit. A kan hanya hayaniya tana shiga sigina, wani lokaci a aika ɗaya, na'urar da ke karɓa ta karanta sifili. To ana auna ingancin tsarin sadarwa da wannan tambayar: cikin bit nawa ake samun kuskure guda? Burin da na sa wa tsarin da nake gwadawa shi ne kada ya wuce kuskure ɗaya cikin miliyan.

Na rubuta shirin gwaji a MATLAB, na tura bit 100,000, na jira. Kuskure sifili, ko ɗaya babu. Wallahi ranar har Sabo na je na ci tuwo da miyar kuka don murna. Da na dawo sai na ɗauko fomular nan da aka koya mana tun digirin farko, wadda ake lissafa iyakar sama da ta ƙasa da ita, mai 1.96 a ciki. Na zuba lambobina, ta ba ni sifili, ƙari ko ragi sifili. Wato babu kuskure, kuma babu ko shakka a kai. Haka na ɗora a allon semina da manyan baƙaƙe.

Akwai wani dattijon farfesa da ke zama can baya, ba ya cika magana. Da na gama sai ya ɗaga hannu.

"Bit nawa ka tura?"

"Dubu ɗari, yallaɓai."

"Kana neman abin da ke faruwa sau ɗaya cikin miliyan. Ka leƙa dubu ɗari ba ka gan shi ba. Da ma ka sa ran ganinsa?"

Na yi shiru.

"To a ce tsarin naka ya fi abin da kake fata muni har ninki goma. Me za ka gani a wannan gwajin?"

Jama'a, fanka na juyawa amma gumi kawai nake. Aka ce in je in gyara in dawo zama na gaba. Wanda ya rasa zama na gaba kuwa sai sabuwar shekarar karatu, sabon kuɗin makaranta, sabon kuɗin haya. Kun san yadda kuɗin nan ke haɗuwa a gidajenmu. Nawa yayana ne ya biya rabi, kuma na riga na ce wa Umma bana zan gama.

Daren nan na zauna da biro da takarda na amsa tambayar farfesa. Idan tsarin yana kuskure ɗaya cikin miliyan, yiwuwar in tura bit 100,000 ban ga komai ba kusan kashi 90 cikin ɗari ce. Idan kuma ya fi haka muni ninki goma, wato ɗaya cikin 100,000, har yanzu akwai kusan kashi 37 cikin ɗari in ga sifili. Ma'ana tsari mai kyau da tsari mara kyau duk suna iya ba ni amsa iri ɗaya. Kamar mutum ne ya damƙi shinkafa hannu guda daga buhu, bai ga tsakuwa ba, ya rantse buhun tas yake.

To ina fomula ta yaudare ni? Nan ne ainihin abin da nake so mu gane.

Duk lokacin da kake ƙirga sau nawa abu ya faru cikin gwaji masu yawa, akwai lissafi na takamaimai da ke ba ka yiwuwar kowace amsa, shi ake kira bainomiyal. Matsalarsa wahala, idan lambobi suka yi girma lissafinsa da hannu azaba ne. A 1733 wani Bafaranshe mazaunin Landan, Abraham de Moivre, ya nuna cewa idan gwaji ya yi yawa, wannan lissafin yana kama da wani zane mai tudu a tsakiya da gangare hagu da dama, kamar ƙararrawa a kife. Shi ne daga baya aka fi sani da sunan Gauss. Fomular nan mai 1.96 daga wannan ƙararrawar ta fito. Ƙiyasi ce, ba ainihin lissafin ba, ni kuma na manta da haka.

A tsakiyar tudun ƙiyasin yana da kyau ƙwarai. Wurga kwabo sama sau 100, mece ce yiwuwar ya faɗi ta fuska sau 50 cif? Lissafin takamaimai ya ce 0.0796, ƙararrawa ta ce 0.0798. Ba wanda zai yi rigima a kan wannan. Amma gangara can jela, inda abubuwan da ba su cika faruwa ba suke. Wurga kwabo sau 20, a ce duka 20 su faɗi ta fuska. Takamaimai, ɗaya cikin 1,048,576 ne. Ƙararrawa kuwa tana ba da kusan ɗaya cikin 93,000. Ta kauce da sama da ninki goma. Mu kuma 'yan sadarwa a jelar nan duk aikinmu yake, don abin da muke aunawa shi ne abin da bai kamata ya riƙa faruwa ba.

Abin haushin, gargaɗin yana cikin littafi. An ce kafin ka yi amfani da ƙararrawa, ka ninka yawan gwaji da yiwuwar abin, amsar ta kai aƙalla 5, wasu littattafan ma sun ce 10. Nawa 0.1 ne. Sharaɗin nan mun haddace shi don jarrabawa, muka bar shi a holin jarrabawar muka fito da fomula kaɗai.

Amsar da ta dace da sifilina mai sauƙi ce, ana kiranta ƙa'idar uku. Idan ka yi gwaji ba ka ga abu ko sau ɗaya ba, raba 3 da yawan gwajin, shi ne iyakar sama da za ka iya faɗa da tabbacin kashi 95. Uku a raba da 100,000, wato kuskure uku cikin dubu ɗari, ninki talatin na burina. Iyakar abin da gwajina ya nuna ke nan. Don in ce tsarin bai wuce ɗaya cikin miliyan ba, sai na tura bit miliyan uku babu kuskure ko ɗaya. Don in zana ainihin adadin a jadawali kuwa, abin da aka saba a fanninmu shi ne a ci gaba da turawa har sai an ƙirga kuskure kamar 100, saboda a nan ne tangal-tangal ɗin amsa ke saukowa wajen kashi 10 cikin ɗari. A matakin ɗaya cikin miliyan, bit miliyan ɗari ke nan.

Sai matsala ta gaba, laftof ɗina tsohuwa ce, wuta kuma kun san halinta. Sau biyu gwajin na mutuwa a tsakiya. Wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya ga yadda na rame, ya ce, "Mutumina, ka rubuta kuskure biyu ko uku kawai mana, wa zai bincika?" Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta kwana a raina. Abin da ya hana ni biyu ne. Na farko takardar da zan ci abinci da ita har tsufa ce, ba na so a ce da ƙarya aka gina ta. Na biyu, mutumin da ya gano sifilina daga kujerar baya zai gano ukun ƙarya ma.

Sai na sake rubuta shirin. Na sa yana sarrafa bit miliyan guda a dunƙule maimakon ɗaya bayan ɗaya, yana ajiye ƙirga bayan kowane dunƙule, ko an ɗauke wuta ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kafin in yarda da shi na gwada shi a kan tsari mafi sauƙi, BPSK, wanda yake da fomula ta takamaimai a littafi, inda kuskure ɗaya cikin miliyan ke zuwa a wajen desibel 10.5. Da amsar shirina ta hau kan ta littafi, sannan na saka nawa tsarin. Kuskure na ɗari ya faɗo a wajen bit miliyan 25. Wato huɗu cikin miliyan, ninki huɗu na abin da na tsaya gaban mutane na yi alkawari. Sai da na ƙara ƙarfin sigina kafin ya kai buri, kuma haka na rubuta.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ƙiyasi abin gudu ne. Ita kanta ƙa'idar ukun da ta cece ni ƙiyasi ce, ta fito daga lissafin da Poisson ya wallafa a 1837, wanda ya dace da abubuwan da ba su cika faruwa ba cikin gwaji masu yawa. Ainihin lambar ma 2.996 ce, aka cika ta uku. Hayaniyar da muke sawa a gwaji kuma da ƙararrawar Gauss muke kwatanta ta, kuma tana aiki, domin hayaniyar tarin ƙananan motsi ne marasa adadi a cikin na'ura. Mai awo a kasuwa da mudu yake auna gero, ba wanda ya ce ya yi laifi. Laifin sai ranar da ya ɗauki mudun zai auna zinare.

Kuma ba 'yan sadarwa kaɗai abin ya shafa ba. 'Yar uwa mai karatun likitanci, kin ba mutum 30 magani ba wanda ya samu illa, ƙa'idar uku ta ce illar tana iya kai wa mutum ɗaya cikin goma ba ki gani ba. Ɗan aikin gona mai fuloti biyar, 1.96 ba taka ba ce, taka 2.776 ce, daga teburin t wanda ya samo asali daga aikin William Gosset na 1908. Shi ma ƙarancin samfur ne ya dame shi a kamfanin giyar Guinness da ke Dublin, ya wallafa da sunan aro na Student. Masu cika tambayoyi su jefa a SPSS, idan adadin da ake sa ran gani a wani gida na teburinku bai kai 5 ba, manhajar tana rubuta gargaɗi a ƙasan sakamako da ƙananan baƙaƙe. Ku karanta shi, ku duba gwajin takamaimai na Fisher. Yanzu kwamfuta tana yin waɗannan cikin daƙiƙa, wahalar da ta sa mutanen da suka nemi ƙiyasi ta ragu sosai.

Na koma semina makon jiya. Farfesan yana kujerarsa ta baya. Da na kai shafin da na nuna huɗu cikin miliyan da iyakokinsa na sama da ƙasa, ya tambaye ni kuskure nawa na ƙirga a kowane ɗigo na jadawalin. Na ce ɗari, yallaɓai. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu, bai ƙara cewa komai ba. Alhamdulillah an wuce da ni, saura difens.

Kafin ka kai babi na huɗu wa sufabaiza, ɗauki kowace fomula da ka yi amfani da ita ka tambayi kanka: takamaimai ce ko ƙiyasi? In ƙiyasi ce, mene ne sharaɗinta, kuma lambobina sun cika shi? Wanda ya ga sifili a sakamakonsa ko samfurinsa kaɗan ne, ya yi min magana ta inbos mu duba tare, ina nan har ƙarshen zango. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mayar da mu gida lafiya da sakamako mai albarka.